Wasiƙun da Muka Zuba a Rumbun Aiki

Ni tun ina yarinya wasiƙa nake so. A Unguwar Boro da ke Kaduna na tashi, a gidan haya mai ɗaki biyu bayan cocinmu, kuma a sakandare na samu wata ƙawa 'yar Makera wadda ta koya mini karatun littattafan soyayya. A kasuwa take sayo su, masu siririn bango, takardar kamar ta yage in ka hura mata iska. Takan kawo mini a jakar makaranta, ni kuma in cusa su a tsakiyar littafin waƙoƙin coci in yi ta karatu, Mama tana ta jin daɗi wai 'yarta ta kama ibada. A cikin waɗannan littattafai ba a soyayya sai da wasiƙa. A fesa wa takarda turare, a ninke ta sau huɗu, a ɓoye ƙarƙashin matashin kai. Na yi wa raina alkawari cewa duk wanda zai aure ni sai ya rubuto mini. Da na girma sai na tarar duniya ta bar wurin. Samari sai dai su turo "ya kike" ta waya, ko alamar tambaya ba sa sawa.

Bayan na gama karatun kwamfuta na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja a Barnawa, a saman wani shagon sayar da tayil. Mu shida ne a ɗaki ɗaya, da fanka biyu, da janareta a baranda. Mai kamfanin wata Hajiya ce, 'yar Tudun Wada, mace mai tabarau a ƙarshen hanci wadda ta daɗe tana wannan aiki tun kafin mu san menene kwamfuta. Ranar da ta ɗauke ni ta ce, "Dokata biyu ce, 'yar nan. Ba a cin abinci mai miya kusa da na'ura, ba a kuma soyayya a ofishina. Wanda zuciyarsa ta motsa ya sauka ƙasa wurin mai tayil."

Masu irin aikinmu suna da wata ma'ajiya da suke kira ripo. Hajiya ba ta son sunan, ta ce ai rumbu ne, mu ma muka bi bakinta. Duk abin da ka rubuta ka gama, sai ka zuba shi a rumbu, ya shiga da sunanka da lokaci da ɗan bayanin abin da ka yi. Bambancinsa da rumbun hatsi shi ne ba ya mantuwa. In ka cire abu yau, zai rubuta cewa ka cire, amma abin yana nan a shafin jiya, duk mai so ya koma ya gani. Kuma duk wanda ke cikin aikin yana da cikakken kwafin rumbun a kwamfutarsa, tun daga ranar farko.

Teburin da ke kallon nawa na wani dogon saurayi ne da kowa ke ce wa Injiniya. Daga wani ƙauye yake a kudancin jihar, inda ake noman citta. Ba ya magana. In mace ta gaishe shi sai ya amsa wa takalminsa. Kullum da ƙullin gyaɗa a aljihu, yana ɓarewa da hannu ɗaya yana aiki da ɗayan. Hajiya ta haɗa mu biyu a kan aikin wata masana'anta da ke Kudenda, manhajar da za ta riƙa tsara wa ma'aikata lokutan shiga aiki da ranakun hutu. Don mu gwada ta, muka buɗe wata folda muka sa mata suna gwaji, muka cika ta da ma'aikatan ƙarya, ɗaruruwan fayiloli marasa daɗin kallo. Ba mai leƙa wurin sai mu.

Wata Talata da damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Injiniya ya zuba gyara a rumbu. Al'adar ofis ce duk wanda ya zuba aiki abokinsa ya duba. Bayanin da ya rubuta shi ne ya gyara lissafin hutu, in kuma leƙa foldar gwaji. Na leƙa. Akwai sabon fayil a can ƙasa, sunansa irin na sauran. Da na buɗe sai na ga layi biyu:

"Malama, kullum lokacin cin abinci ina ganin kina karanta littafi kina murmushi ke kaɗai. Ina so in san me aka ce a shafin."

Na ɗaga kai. Ya ƙura wa allonsa ido kamar wanda aka ce in ya ƙifta za a kore shi. Gyaɗar da ke hannunsa ya manta da ita. Ni kuma zuciyata ta buga irin bugun da na sha karantawa ban taɓa ji ba. Babu turare, babu ninki huɗu, amma wasiƙa ce. Na buɗe sabon fayil na ba shi amsa, na zuba.

Haka muka fara. Kusan shekara ɗaya da rabi muna zaune taku uku tsakani, ba mu cika haɗa ido ba, amma da ƙyar rana ta faɗi ba a zuba wasiƙa ba. Nawa dogaye ne, cike da kalmomin da na tsinto a littattafai. Na kira shi sanyin idanuna, na kira shi tauraron da ke haska daren zuciyata. Ya amsa: "Malama, wannan daga wane shafi kika kwafo? Ki faɗa mini in je in karanta amsar da ya kamata in bayar." Nasa gajeru ne. Yakan ba ni labarin yadda mahaifiyarsa ke shanya citta a kan dutse har ƙauyen duka ya ɗauki yaji, da yadda ya fara ganin kwamfuta a ofishin wani fadan coci ya ɗauka talabijin ce ta lalace. Wata rana ya rubuta mini game da ƙanwarsa. Sikila ce. Shi yake goya ta zuwa asibitin da ke da nisan tafiyar awa biyu duk lokacin da ciwon ya tashi, kuma a bayansa ta cika tana da shekara goma sha ɗaya, bai sani ba sai da suka isa. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa a Kaduna ba. Na karanta na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo na ci gaba da lissafin hutun ma'aikata.

Ba jahilci ne ya sa muka yi haka ba. Mun fi kowa sanin halin rumbu. Wata rana da muka sauka sayen masara gasasshiya a bakin titi na ce masa, "Injiniya, ka san fa wurin nan ba ya mantuwa."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Takarda gara ke ci. Wannan kuwa jikokinmu za su karanta su ga irin ƙaryar da kakarsu ta iya."

Na jefe shi da totuwa.

Da magana ta kai ga manya muka je muka gaya wa Hajiya. Ta sauke tabarau ta kalle ni, ta kalle shi. "Kun karya mini doka. To amma tunda aure ne, Allah ya sa albarka. Abu ɗaya nake so ku gaya mini: a ina kuka yi zancen? Ni dai ban taɓa ganin wannan bawan Allah ya buɗe baki ba." Muka yi dariya, ba mu ba ta amsa ba.

A cocinmu ba a sanar da aure sai an kawo takardar gwajin jini. Shi ya daɗe da sanin yana ɗauke da ƙwayar sikila. Ni kuwa ban taɓa gwadawa ba, don Mama ta ce a danginmu kaf ba a taɓa jin wannan abu ba, kuma na gaya masa haka da bakina, ya yarda. Ranar da muka karɓi sakamako har na sa sabuwar atamfa. A kan wani benci muka zauna a ƙofar ɗakin gwajin, ya buɗe tasa ya ninke, na buɗe tawa. Haruffa biyu ne, iri ɗaya da nasa.

Na yi faɗa iyakar ƙarfina. Duk abin da littattafai suka koya mini na fito da shi. Na ce so ba ya tsoron komai, na ce ai ba kowane ɗa ne zai ɗauko ba, na ce Allah da ya haɗa mu ba zai kunyata mu ba. Baba Fasto ya zaunar da mu ya yi mana magana a hankali, ya ce shi ba zai yanke mana hukunci ba, amma ya binne yara da yawa. Mama ta daina cin abinci, tana ta cewa laifinta ne. Shi kuwa Injiniya bai ce komai ba har kwana tara. Ran na goma ya raka ni bakin hanya, muna jiran keke, ya ce, "Na san nauyin yarinyar nan a bayana har yau. Ba zan iya jin ɗana yana wannan kukan ba, in kuma san da sanina na jawo masa." A ranar bai kalli takalminsa ba. Ni ya kalla. Keke ya zo na shiga.

Bai iya ci gaba da zama a teburin nan ba. Masana'antar Kudenda dama tana nemansa ya riƙe musu sashen kwamfuta, ya karɓa. Ranar da zai tafi, yana naɗe wayar cajarsa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Malama, ki share foldar nan." Na ce to. Na share wasiƙun, na zuba, rumbu ya rubuta cewa na cire tsofaffin fayilolin gwaji. Ya ga na yi, ya gyaɗa kai. Ni na san wannan ba sharewa ba ce, rufe ƙofa ce kawai. Shi ma ya sani.

Shekara biyu ina komawa. Lokacin azahar, in Hajiya da sauran sun fita alwala, ofis ya yi shiru sai ƙarar fanka, sai in mayar da rumbu baya zuwa ranar da nake so. Foldar ta buɗe kamar ba a taɓa taɓa ta ba. In karanta ɗaya ko biyu, in dawo da shi yau kafin su shigo. Akwai ranakun da na fi zuwa: Talatar farko, da ranar citta, da wata Juma'a da ya rubuto kalma huɗu kawai don na zo da sabon kitso. Ranar da aka ɗaura masa aure Mama ta je tare da zumuntar mata, ta ce ba za a ce mun riƙe shi a zuci ba. Ni na ce ina da aiki. Na je ofis ranar Asabar, ni kaɗai, na karanta tun daga farko har ƙarshe. Samari biyu sun zo mini a shekarun nan, mutanen kirki, ɗayan ma har da takardar gwajinsa a aljihu ya zo. Ban ba su fuska ba. Ina da wurin zuwa.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Kwangilarmu da masana'antar ta ƙare, suka ce a miƙa musu rumbun gaba ɗaya da tarihinsa, sashensu zai ci gaba da kula da manhajar. Hajiya ba ta miƙa aiki sai ta bi tarihinsa da kanta, ko wani ya taɓa mantawa ya zuba kalmar sirri. Wata Laraba da safe ta ce in biyo ta baranda. Ta jawo ƙofa.

"Yau na samu amsar tambayata," in ji ta. "Ashe a foldar gwaji aka yi zancen."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Biyu na karanta na tsaya, Allah shaida. Ban kira ki don faɗa ba. Amma ki saurare ni, 'yar nan. Ranar Litinin rumbun nan zai shiga hannun mutum biyar a Kudenda. Injiniya ne ogansu. Huɗun nan yaransa ne, kuma kin san matasa, in sun ga abu sai sun tona. Yana da mata, an ce har ta haihu. Akwai maganar ƙanwarsa a ciki. Akwai ke a ciki. Kina so a riƙa karanta ku ana dariya a wurin mai shayi?"

Na ce a'a.

"To sai a cire su daga tushe, ba irin sharar da kika yi ba. Kin iya, ko in yi?"

Na ce na iya. Ta kalli keken da ke wucewa a ƙasa, sannan ta ce, "Ki fara ɗaukar kwafi a filashi, kamar yadda aka saba, ko wani abu zai lalace. In an gama miƙawa lafiya, ki goge shi." Ba ta kalle ni ba da ta faɗi na ƙarshen.

Ranar Alhamis da rana na yi. Cire abu daga tushe ba kamar shara ba ne. Manhajar da ke yin aikin takan bi tarihin tun daga shafin farko, ta sake rubuta kowane shafi kamar abin bai taɓa kasancewa ba. Na jera sunayen fayilolin, na duba sau uku kada in haɗa da ma'aikatan ƙarya. Na sa filashi na kwafe tsohon rumbu. Sannan na rubuta umarnin, layi ɗaya tal, na ɗora yatsa a kan maɓalli. A littafi, a nan ne za a ɗauke wuta, ko waya ta yi ƙara, ko wani ya banko ƙofa ya ce tsaya. Wuta tana nan. Abokin aikina na gefe yana ta gardamar ƙwallo. Na danna.

Ban kai ga haɗiye miyau ba ta gama.

Na buɗe tarihin in duba. Abin da ban shirya masa ba shi ne wannan: duk zubin da ba komai a cikinsa sai wasiƙa, da aka cire wasiƙar ya zama fanko, manhajar kuwa ba ta barin fanko, sai ta jefar da shi. Ranaku sukutum sun ɓace. Juma'ar kitso babu ita. Ranar citta babu ita. Makon da ya yi zazzaɓi yana rubuto mini daga gida, tarihi ya nuna ba wanda ya taɓa komai. Abin da ya rage mutum biyu ne masu ƙwazo, wannan ya gyara lissafi, wannan ta duba, wannan ta ƙara shafi, wannan ya amince. Duk wanda ya karanta zai ce ko gaisawa ba ma yi.

Na tura sabon tarihin ya danne tsohon a babbar na'urar ofis, na sa ta kwashe ragowar da ke ɓoye ta zubar. Na share kwafin da ke kwamfutata na ɗauko sabo. Hajiya ma ta yi haka. Saura ɗaya.

"Tsohon kwafi yana wurin Injiniya," in ji Hajiya. "In ya yi kuskure ya zuba aiki daga can, duk abin da kika cire zai dawo. Sai an goge a gaban ido. In aika wani?"

Na ce zan je.

Litinin da hantsi na hau keke zuwa Kudenda. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, tireloli sun yi layi a ƙofofin masana'antu, iska tana warin dafaffen hatsi da baƙin mai. Filashin yana cikin ƙaramin aljihun jakata. Gaskiya ita ce ban yi niyyar goge shi ba. Na riga na zaɓa masa wuri a ƙasan akwatina, cikin tsohon littafin waƙoƙi. Wa zai sani?

Mai gadi ya rubuta ni a littafi ya nuna mini bene. Ɗakin yana da sanyin na'ura, matasa huɗu a jere. Ɗaya ya leƙa ciki ya ce, "Oga, ga mutanen Barnawa." Ya fito. Ya yi ƙiba kaɗan, ya fara sanƙo, da zobe a yatsa. A kan teburinsa akwai hoton jaririya cikin hular saƙa, da ɓawon gyaɗa a murfin kofi.

"Malama. Sannu da zuwa. Ya Mama?"

"Lafiya lau. Ya mai jego? Ya baby?"

"Sun gode. Tana nan sai ƙiba." Ya ɗan tsaya. "An gwada ta. Lafiyarta ƙalau."

Na ce Allah ya raya. Da zuciya ɗaya na faɗa, wannan kam na sani.

Muka yi aikin miƙawa kamar yadda ake yi, yaransa suka ɗauki sabon rumbu, suka gwada, komai ya tashi. Sai ya aike su cin abinci. Ya jawo wata tsohuwar laftof daga durowa, wadda na sani, mai tsagewa a kusurwa. Na fara yi masa bayanin abin da ya sa dole a goge, ya ɗaga hannu.

"Na gani tun jiya da Hajiya ta turo. Na ga tarihin ya rame." Ya yi ɗan murmushi. "Ashe rabin aikin da muka yi wa Hajiya ba aiki ba ne."

"Kakan koma?" Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba.

"Sau ɗaya. Ban ƙara ba." Ya buɗe laftof ɗin, ya shiga foldar, sai ya tsaya. "Akwai abin da ya kamata ki sani kafin in goge. Akwai ɗaya a nan da ba ta cikin naki. A cikin kwana taran nan na rubuta ta. Ban zuba ba."

Ya juyo allon kaɗan. Na ga sunan fayil ɗin a can ƙasa, irin na sauran, da kwanan watansa. Na ga girmansa. Ya fi duk wanda ya taɓa rubuto mini, ya ninka sau da yawa. Mutumin da ke rubuta layi biyu.

"Taki ce," ya ce. "In kina so ki karanta, zan fita in ba ki wuri. In ba kya so, shi ke nan."

Shekara biyu ina tambayar kaina me ya yi tunani a kwanakin nan da ya yi shiru. Ko ya yi kokawa kamar yadda na yi. Ko akwai daren da ya ce a yi auren kawai. Ga amsar, taku ɗaya. Yarinyar da ke ɓoye littafi a cikin waƙoƙin coci da ta ba da shekara goma na ranta don wannan wasiƙar. Na kalli allon, na kalli jaririyar mai hular saƙa. Na san kaina. In na karanta, zan haddace, kuma a zuci babu umarnin da ke cirewa. Zan samu sabon wurin zuwa in ƙara wasu shekarun.

Na ce, "Goge."

"Kin tabbata?"

"Injiniya, in ka sake tambaya zan canza."

Ya goge foldar rumbun gaba ɗaya, ya buɗe kwandon shara ya zubar. Muka zauna muna kallon wurin da babu komai.

"Hajiya ba ta aiki ba tare da ajiye kwafi ba," in ji shi can. "Yana wurinki?"

Da na ce an goge, da ya yarda. Ya taɓa yarda da maganata a kan abin da ya fi wannan. Na zuge jaka na fito da filashin na ajiye a kan tebur.

"Ba don in karɓa na tambaya ba," ya ce. "Ki riƙe in kina so. Ba zan gaya wa kowa ba."

Na ce ai ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai ƙanwarsa a ciki. Filashi kuma yana faɗuwa, ana ara, ana mantawa da shi a shagon buga takardu. Wannan ne dalilin da na ba shi, kuma gaskiya ne. Ɗaya dalilin ban faɗa ba: ya zubar da tasa a gabana, ba zan koma gida da tawa a ɓoye kamar ɓarauniya ba. Na jawo laftof ɗin, na soka filashin da kaina, na wanke shi tas, irin wankin da ke bin kowane lungu ya rubuta sifili a kai. Wannan ya ɗauki lokaci. Muka zauna muna kallon layin yana cika a hankali. Ya zaro ƙullin gyaɗa ya miƙo mini, na ɗiba. Muna ɓarewa har layin ya kai ƙarshe.

Ya raka ni har bakin bene. Ya ce in gaida Mama. Na ce ya gaida mai jego.

A keke, wajen shataletale, na kusa cewa mai keken ya juya. Sai na tuna ko na koma babu abin da zan tarar. Da na isa ofis Hajiya ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau. Na ajiye filashin a gabanta na ce an wanke. Ta tura mini shi ta ce in riƙe, nan gaba zai yi amfani. Sannan ta ce in tafi gida, yau ba sauran aiki, alhali akwai.

Filashin yana nan. Hotunan asibitin Mama ne a ciki yanzu, da takardar waƙoƙin da ƙungiyar mawaƙanmu ke koyo. Lokacin azahar in ofis ya yi shiru nakan sauka wurin mai masara, don hannuna ya daɗe yana neman hanyar da ya saba.

Na ɗauka na haddace su duka. A watannin farko ina iya karanto su a zuci, layi bayan layi. Yanzu sun fara lalacewa ta gefe. Wasiƙar farko tana nan daram, ita ce na rubuta a sama. Amma ta ranar kitso, kalma huɗu ce, na tabbata huɗu ce, uku kawai nake iya kawowa. Jiya a keke na yi ta juya su tun daga Barnawa har Unguwar Boro, ina gwada wannan ina gwada waccan, har mai keken ya wuce layinmu ban ce ya tsaya ba.